A Jos ya kamata a auna shugaban hukumar yawon buɗe ido

Tun da aka kafa hukumar bunƙasa yawon buɗe ido ta ƙasa, NTDC, a 1992, an fi auna shugabanta da baje kolin da ya halarta a Landan ko Balin. Wannan awo bai yi ba. A zo Jos a duba gidan tarihin da Bernard Fagg ya assasa a 1952, da gandun namun dajin da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, da duwatsun Shere da na Riyom. Baƙon da aka tallata wa Najeriya a ƙetare irin wuraren nan zai ziyarta, kuma abin da ya tarar shi zai bayar da labari.

Za a ce gandun na jiha ne, gidan tarihin na wata hukuma ce daban, rikicin Jos na 2001 da na 2008 kuwa ba laifin NTDC ba ne. Haka ne, amma ai amfanin shugaba ke nan: ya zaunar da gwamnatin jiha, masu otal da jami'an tsaro, a gyara hanya da masauki kafin a buga gangar talla. Duk wanda aka ba kujerar, ya fara da Filato.