A Koya wa Ɗaliban Lafiya Aiki Tare Tun Suna Makaranta

A yawancin makarantun koyon aikin lafiya na Nijeriya, ɗalibin likita yana karatu a ajinsa, ɗalibar jinya a nata, mai koyon harhaɗa magunguna kuma a wani sashe dabam. Ba sa cuɗanya sosai sai ranar da aka damƙa musu ran majiyyaci. Wannan tsari yana bukatar gyara.

A ɗauki misalin mace mai ciki da aka kawo asibiti tana jijjiga saboda hawan jini. Ungozoma ce kan fara karɓarta. Likita ya ba da umarnin yi mata allurar magnesium sulphate, mai harhaɗa magunguna ya tabbatar da ƙarfin maganin, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya duba lafiyar ƙodarta, domin ta fitsari maganin ke fita daga jiki. Idan ƙoda ta gaza, maganin yakan taru a jini har ya tsayar da numfashi. Ma'aikaciyar jinya mai ƙidaya numfashinta da auna fitsarinta ita ce za ta fara lura da haka. In tana jin nauyin yi wa likita magana, ko likitan bai saba sauraron ta ba, ilimin mutum biyar ya tashi a banza.

Tun a shekarar 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a riƙa koyar da ɗaliban fannonin lafiya tare, ta kuma sake jaddada wannan a 2010. Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin ta fara haka a 1986, sannan a 1996 ta buɗe ɗakin kwanciyar marasa lafiya inda ɗaliban fannoni dabam-dabam ke kula da majiyyata tare, ƙarƙashin idon malamansu.

Akwai masu cewa manhaja ta riga ta cika, kuma haɗa ɗalibai zai sa wani ya shiga aikin da ba nasa ba. Amma wanda ya san iyakar aikin abokinsa shi ya fi sanin iyakar nasa. Ba a kuma bukatar sabon gini. Makonni kaɗan na zagayen duba marasa lafiya tare, a asibitocin koyarwa irin na Shika da Kano da Sakkwato, sun isa a fara. Takun-saƙar da aka daɗe ana yi tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a ƙasar nan ba za ta kau da yarjejeniyar ƙungiyoyi kaɗai ba, muddin kowane ɓangare na tashi bai san ɗan'uwansa ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin sakandare da ya raba wa ɗalibai aikin gwaji rukuni-rukuni, ya kuma sa kowa ya bayyana wa saura abin da ya gano, ya riga ya fara wannan tarbiyya.