Garantin da Bai Kai Beteru Ba

Duk wanda ya ratsa unguwar Gar a Paraku ya ga ƙananan motocin bas jere a bakin garejoji, an ɗora su kan duwatsu, awaki na shan inuwa ƙarƙashinsu. Ɗaya daga cikinsu ta ƙanena ce, mai kujera bakwai, wadda ya sayo a filin motocin Kwatano da kuɗin adashi da na fegin da ya sayar. Bayan kuɗin mota, mai sayarwa ya karɓi jaka ɗari biyu na sefa, wai ladan garanti na shekara guda. A wata na uku, tana hanyar Jugu da fasinja, ta tafasa kafin gadar Beteru. Famfon ruwa ya mutu, zafi ya ƙone gasket, kan injin ya lanƙwashe.

Da ya kai takarda aka karanta masa abin da ya sa wa hannu cikin Faransancin da bai iya ba. Garanti bai shafi lalacewar da zafin injin ya jawo ba. Bai shafi motar haya ba. Ya ɓaci idan an sha man kpayo na kwalba, ya ɓaci idan wani makanike ya taɓa ta ban da nasu, nasun kuwa yana Kwatano, fiye da kilomita 400 daga nan, kuma kuɗin janwe a wuyan mai mota yake. To, jama'a, wace mota ce a arewacin Benin ba ta taɓa shan kpayo ba? Wane Bahaushen zango ne zai sayi bas don ya riƙa kai iyali yawon shan iska? Mai sayarwa ya san haya za a yi da ita, shi da bakinsa ya yi mata addu'ar fasinja. Ya karɓi kuɗin lamunin da ya tabbata tun ranar ba zai biya ba, wannan kuwa ha'inci ne, ko an buga masa hatimi goma.

Za a ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, ba wanda ya nemi tsohuwar motar Turai ta zama amarya, kuma direbobinmu na da nasu laifin: mutum goma a mazaunin bakwai, ga buhunan doya a bisa. Sai dai mai rariya bai taɓa karɓar ƙarin kuɗi da alkawarin toshe ramukanta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun gaji abin da ya fi wannan takarda. Lokacin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, suna yada zango a Jugu, baƙo kan sauka wurin maigida, shi ke haɗa shi da mai saye, shi ke tsaya masa lamuni. In ciniki ya ɓaci, an san ƙofar da za a buga, don mutuncin mutum ke jingine a kai. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ma ya bai wa mai saye damar mayar da haja in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Yau dillalin da ya raka ƙanena Kwatano, ɗan unguwarmu, ya ci la'adarsa, ya ce shi ba makanike ba ne.

Tun da Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017, sannan iyakar Nijar ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu filayen mota sun ƙara matsuwa da neman mai saye na cikin gida. Mu suke nema, saboda haka mu ke da ikon gindaya sharaɗi. Shugabannin zango da na tasha su tsayar da doka: kada a biya ko dala kan garanti sai an fassara shi da Hausa gaban shaidu, an rubuta injin da giya da sunansu, an ambaci garejin da ke Paraku ko Jugu, dillali kuma ya sa hannu a matsayin mai lamuni. Wanda ya ƙi, a bar masa motarsa ta ci tsatsar iskar teku.

Ƙanena dai ya koma zem da babur ɗin aro, saura zubi bakwai ya gama biyan adashin.