Ba Cokali Nawa Ba Ne Matsalar Kodin

1/ Jama'a, tambayar nan ta "cokali nawa na kodin mutum zai sha ba tare da illa ba?" ta fara isa ta. Wasu ma har awon yara suke rabawa a guruf, sai ka ce girkin miya. Ku tsaya mu yi maganar nan tsakani da Allah.

2/ Kodin ɗan gidan su hiroyin ne, daga tsiron ofiyom suka fito. In ka sha, hantarka ce ke juya wani ɓangarensa ya koma mofin. Wannan mofin ɗin shi ke kwantar da tari, shi ke kawo lumshe ido, kuma shi ke rage numfashi.

3/ Ga inda gizo ke saƙar: hanta ba iri ɗaya ba ce. Akwai sinadarin CYP2D6 da ke wannan aikin. Na wani a hankali yake aiki, na wani kuma gudu yake. Masu irin na gudun sun fi yawa a Habasha da Arewacin Afirka. Cokalin da abokinka ya sha ya tashi garau, kai zai iya kai ka kushewa. Kuma ba a gane wa a fuska.

4/ Batun yara kuwa babu ja. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba yaro ƙasa da shekara 12 kodin don tari tun 2015. Amurka ta hana a 2017, a 2018 ta ce maganin tari mai kodin sai ɗan shekara 18 zuwa sama. To wane ne kai da za ka ce "rabin cokali ba komai"?

5/ Yayyenmu da iyayenmu mata, don Allah: ɗura wa yaro sirof don ya yi barci ki samu ki yi aiki, ba dabara ba ce. Barcin da kike gani numfashinsa ne ke raguwa. Mai shayarwa ma kar ta sha, yana bi ta nono ya kai ga jariri.

6/ "Ai magani ne, ba giya ba." Wannan ce ƙaryar da ta fi cin mu. Yarinya ta tsiyaya a kwalbar lemo tana kurɓa a gidan biki, hankalinta kwance wai ba ta taɓa haram ba. Abin da ya gusar da hankali ya gusar, ko da hoton likita a jikin kwalin.

7/ Ku tuna 2018. Bayan rahoton binciken BBC kan kodin, gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, lokacin Isaac Adewole na ministan lafiya. Ke nan kwalbar da ake miƙo maka ta ƙarƙashin kanta, ba ka san wa ya haɗa ba, ba ka san me ke ciki ba. Wane awo kake yi wa abin da ba ka sani ba?

8/ Mai kemis ɗin da ke sayar wa yaro ɗan sakandare kwalba uku ya san ba tari yake yi ba. Kar ya ce mana neman halak yake.

9/ Mafi haɗari shi ne haɗa shi da giya, tiramol, ko ƙwayoyin barci irin su roci. Duk numfashi suke danne wa, sai su haɗu su gama aikin.

10/ In ka ga mutum ba ya farkawa, numfashinsa sama-sama, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, leɓensa ya sauya launi, kar a ce a bar shi ya yi barci ya sake shi. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti. Akwai allurar naloxone da ke karya shi. Ku faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, rai ya fi kunya.

11/ Tarin mura yawanci da kansa yake tafiya. Ruwan ɗumi da zuma sun wadatar, amma ban da jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Tari ya wuce sati biyu? A je gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

12/ Wanda kuma ya riga ya kamu, gori ba ya warkar da shi. Ciwon jiki da zawo da rashin barci in ya daina, ba iskanci ba ne, jikin ne ya saba. Akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna. Ku raka shi.

13/ Babba, sai da takardar likita. Yaro, ko ɗigo. Ku tura wa guruf ɗin gidanku.