Tashar da ke cikin wayarka

Wanda ya hau mota a tashar Gaya zuwa Kano, ko daga Ajingi ranar kasuwa, hankalinsa kwance yake. Ɗan kamasho ya san direba, ƙungiyar direbobi ta san gidansu. Ko jaka aka manta, akwai inda za a kai cigiya. To, matashinmu da ya rataya jaka ya sauka Jidda domin Umara, ko Alƙahira neman ilimi, ko Sin fatauci, wa zai tsaya masa?

A can, manhajar kiran mota ce tasharsa. Ita ke riƙe da sunan direba, lambar mota, kuɗin tafiya da hanyar da aka bi. Sai dai kowace ƙasa da tata: Uber da Careem a Saudiyya, Grab a Malesiya, DiDi a Sin, inda Uber ya sayar da harkarsa tun 2016. Hikima ita ce a sauke ta tun daga gida, lokacin da layin waya ke iya karɓar lambar tantancewa.

Babban haɗarin yakan zo ne da murmushi. Direba zai ce a soke tafiyar a manhaja, a biya shi hannu da hannu, zai yi ragi. Wanda ya yarda ya bar tasha ke nan, ya tsayar da mota a bakin hanya. Ba shaida, ba wurin kai ƙara. Araha ba ta ado. Ya kai matafiyi, duba lambar mota kafin ka shiga, ka kuma tura wa ɗan'uwa bayanin tafiyarka.