Wa aka tambaya a Lamorde?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen hatsi ya san ba a zazzage buhu ɗari don a ga na ciki. Ƙarfe ake sokawa a gindin wannan, a tsakiyar wancan, a dubi abin da ya zubo a tafin hannu. Wanda ya tsaya ga bakin buhu, inda mai kaya ya zuba tsabar kirki, tsakuwa zai kai gida. Abin da masana lissafi ke kira ɗibar samfur ke nan, kuma abin mamaki ne yadda muke mance shi da zarar an shiga zancen siyasa. Shugaban jam'iyya ya cika fili da mutanen da ya yi wa hayar mota, washegari a ce ƙasa ta yi magana.

Yawa ba shi ne hujja ba. A 1936 wata mujallar Amurka, Literary Digest, ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. A littattafan masu tarho da masu mota ta tsinci yawancin sunayen, alhali talaka ba ya ciki.

Binciken ƙwarai da ƙuri'a yake farawa, irin wadda ake jefawa a adashe don a san mai ɗauka farko. Haka Afrobarometer ke yi, wadda cibiyar LASDEL ta Yamai ta gudanar wa bincike a Nijar tun 2013: mutum 1,200, ƙuri'a ta zaɓi unguwa ko ƙauye, a tambayi mutum 8 a kowane wuri. Da za a maimaita aikin sau da yawa, kowane karo da wasu mutanen dabam, amsa ba za ta zo ɗaya ba, amma za ta riƙa taruwa kusa da gaskiya. Kusan sau 19 cikin 20 ba za ta kauce mata da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. Mai son rage kuskuren da rabi sai ya tambayi mutum 4,800. Saboda haka in an ce wane na da kashi 51, wane na da 49, kada kowa ya yanka rago. Kuma binciken da aka yi don ƙasa baki ɗaya ba ya iya faɗin ra'ayin Lamorde, inda watakila mutum 8 aka tambaya, watakila ko ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙuri'a sai da jerin da za a jefa ta a kai, jerin kuwa daga ƙidayar jama'a yake fitowa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya. A daminar 2020 kogi ya fasa shingen Lamorde, ya rushe gidaje, aka kwashe iyalai zuwa tudu. Ma'aikacin da ya ƙetare gadar Kennedy da tsohon jeri a hannu zai tarar da kufai a inda takarda ta ce gida ne. Ga rana, ga kuɗin aiki bai taka kara ya karya ba, ga teburin mai shayi cike da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni masu son magana. In ya cika takardunsa a nan, ra'ayin ɗalibai zai kai ofis da sunan ra'ayin masunta, manoman shinkafa da matan da ke cikin gida. Ban ga laifinsa sosai ba; laifin na wanda ya aike shi ne bai sabunta jerin ba, bai kuma bi sawunsa ba.

Kada a ɗauka wannan wasan malamai ne. Da irin waɗannan alƙaluma ake raba makarantu, rijiyoyi da magani. Binciken lafiya na 2012 ne ya ba da adadin haihuwa 7.6 ga kowace mace, aka yi shekaru ana tsara manufofi da shi. Na 2017 kuwa, shirin DHS bai saki alƙalumansa ba saboda shakkar ingancin aikin, bayan an kashe kuɗi.

Muna kira ga hukumar ƙididdiga ta INS da duk mai fitar da sakamakon bincike su riƙa bayyana mutum nawa suka tambaya, yadda suka zaɓe su, da shekarar da aka rubuta jerin gidajen. Jaridu kuma, har da wannan, su daina buga adadin da ya zo ba tare da wannan bayani ba.