Farin Jini Daban, Tikiti Daban: Wa Ya Tambayi Isa da Sabon Birni?

Duk lokacin da guguwar zaɓen fid da gwani ta taso, sai ka ji gidajen rediyo da jaridu sun cika da lissafi. Wai wane yana da kashi kaza cikin ɗari, wane ya rufa masa baya, wane kuwa ko ƙurarsu bai hango ba. Wannan shi ne abin da 'yan boko suke kira ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Mu da muke zaune a wannan yanki na Gobir, wato Isa da Sabon Birni, mun daɗe muna sauraron irin wannan lissafi a bakin rediyo, amma har yau ba mu gamu da maƙwabci ko ɗan'uwa da ya ce mana an taɓa tambayarsa ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna da mai karatu mu duba ko ra'ayin wa ake aunawa, kuma ko wannan awo yana da wani tasiri a kan wanda jam'iyya za ta miƙa wa tuta.

Da farko dai, kada a ɗauka abin tsibbu ne ko duba. Yana da ƙa'ida, kuma kowane ɗan kasuwa ya san ta. Mai sayen gero a kasuwar Shinkafi ba ya zazzage buhu ya ƙirga tsaba, hannu yake cusawa ya ɗebo kaɗan ya duba, daga nan ya san abin da ke ciki. Haka masu jin ra'ayi suke yi, su tambayi mutum dubu ɗaya ko biyu su ce ga ra'ayin ƙasa. Amma mai sayen gero ya san wani abu kuma: idan mai kaya ya zuba mai kyau a baki ya ɓoye dusa a ƙasa, to wanda ya ɗebi na sama kaɗai ya sha zamba. Dole hannu ya kai gindin buhu. Matsalarmu ke nan, mu ne gindin buhun.

Bari mu ɗauki misalin da kowa zai iya tunawa. A watan Satumba na 2022 gidauniyar ANAP ta fitar da sakamakon binciken da kamfanin NOI ya yi mata ta wayar tarho. Aka ce Peter Obi yana da kashi 21 cikin ɗari, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kowannensu kashi 13, Rabi'u Musa Kwankwaso kashi 3. Jaridu suka ɗauki wannan suka yi ta yayatawa. Abin da yawancinsu ba su sa a kanun labari ba shi ne, kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba tukuna, kashi 15 kuma sun ƙi faɗar wanda za su zaɓa. Wato kusan rabin waɗanda aka tambaya ba su ambaci sunan kowa ba. Da aka zo ranar 25 ga Fabrairu 2023, hukumar zaɓe ta ba Tinubu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.10, Kwankwaso kuma kusan miliyan 1.5. A nan Jihar Sakkwato kuwa, wanda aka ce shi ne kan gaba a ƙasa bai kai ƙuri'a dubu 7 ba.

Ba muna cewa masu binciken ƙarya suka yi ba. Gaskiya ɗaya ce, sun hango abin da manyan jam'iyyu suka raina, domin Obi ya ci Legas da Abuja da Filato da Nasarawa. Sun auna wani ɓangare na ƙasa daidai, sai dai an sayar mana da shi a matsayin ƙasa baki ɗaya. Ko a Amurka, inda aka ƙago wannan sana'a, an taɓa yin irin wannan tuntuɓe. A 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika wa mutum miliyan 10 takardun tambaya, fiye da miliyan 2 suka amsa, ta ce Alf Landon ne zai ci. Ashe yawancin sunayen daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya. Franklin Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48, mujallar kuma ba ta daɗe ba ta mutu.

To, yaya mai tambaya daga Abuja zai kai gare mu? A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni suna ciki. Waɗanda ke kusa da iyaka suka koma nema da layukan Nijar, lambar da ba ta cikin jerin kowane mai bincike a Nijeriya. An maido da layukan daga baya, amma mutanen da suka watse ba su komo duka ba. Tun bayan harin watan Mayu na 2020 a ƙauyukan Sabon Birni, wanda rahotanni suka ce ya ci rai fiye da 70, dubban iyalai sun tsallaka yankin Maraɗi, wasu suna Gidan Rumji, wasu sun cunkushe a gidajen dangi cikin gari. Matan karkara da yawa ba su da wayar kansu, ta maigida ce ko ta ɗa. Sannan ga tsoro. A ƙasar da baƙuwar lamba takan zama ta mai neman kuɗin fansa, wa zai tsaya ya gaya wa muryar da bai sani ba sunansa, shekarunsa, garinsu, da wanda yake so? Wanda ya yi shiru a nan ba rashin ra'ayi ba ne, hankali ne.

Amma ko da an ce hannu ya kai gindin buhu, akwai magana ta biyu, kuma ita ce ta fi nauyi. A zaɓen fid da gwani na 2022 ba jama'a ne suka zaɓa ba, wakilai ne, waɗanda kowa ya fi sani da daliget. Dokar zaɓe ta waccan shekara ta cire masu riƙe da muƙamai daga jefa ƙuri'a kai tsaye, ta bar zaɓaɓɓun wakilai kawai. Majalisa ta yi ƙoƙarin gyara wannan a watan Mayu, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Saboda haka PDP ta tafi Abuja da wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC kuma da uku. A lissafa: Isa da Sabon Birni, da ƙidayar 2006 ta ce sun haura mutum dubu 350, mutum 2 ne suka yi magana da yawunsu a PDP, mutum 6 a APC. Atiku ya ɗauki tuta da ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237. Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo, wanda ake ta zuzuta farin jininsa a kafafen sada zumunta, ya tashi da 235. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani zai ce ai haka ake yi tun kaka da kakanni, ko Gobir ma tana da majalisar mutum tara masu zaɓen sarki, ba a tara talakawa a dandali. Haka ne. Sai dai waɗancan kowa ya san su, ya san gidansu, kuma idan suka naɗa wanda bai iya kare ƙasa ba, tare da kowa za su ɗanɗana. Daliget na zamani fa? Mu tambayi kanmu, cikinmu mutum nawa ne za su iya faɗar sunan wanda ya wakilci ƙaramar hukumarsu a filin wasa na Abuja ranar 28 ga Mayu 2022? A 2022 an sayar da fom ɗin takara kaɗai a kan naira miliyan 100 a APC, miliyan 40 a PDP. Jaridu sun cika da labarin dalar Amurka da aka ce tana yawo a ɗakunan otal, har jami'an EFCC suka bayyana a wurin taron, ɗaya daga cikin 'yan takara, Mohammed Hayatu-Deen, ya janye yana kukan cewa kuɗi sun mamaye al'amarin. Obi da Kwankwaso kuwa tun kafin ranar suka bar jam'iyyar, domin sun san taron jama'a a titi ba ya zama ƙuri'a a akwatin daliget.

Mutanen Sakkwato sun ga wannan da idonsu har sau biyu. A watan Oktoba na 2018 a Fatakwal, ɗan wannan ƙasa tamu, Attahiru Bafarawa, mutumin ƙaramar hukumar Isa da ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya samu ƙuri'a 48 cikin fiye da dubu 3. Aminu Waziri Tambuwal ya zo na biyu da 693, Atiku ya ci da 1,532. Bayan shekara huɗu, Tambuwal ya hau mumbari a daren zaɓe ya janye, ya umarci magoya bayansa su bi Atiku, kuma masu lura da siyasa da yawa suna ganin wannan ne ya karya Wike. Babu wata ƙuri'ar jin ra'ayi da za ta iya hango abin da aka ƙulla a ɗaki cikin 'yan sa'o'i.

Mai karatu zai ce to a koma 'yar tinƙe mana, kowane ɗan jam'iyya ya fito ya zaɓa da kansa. Mu ma zuciyarmu ta fi karkata can, amma tarihi ya hana mu yin gaggawa. Da yawanmu ba mu yi wayo ba a 1992, sai dai iyayenmu suna ba da labarin zamanin ƙato bayan ƙato, lokacin da Marafan Sakkwato, Umaru Ali Shinkafi, daga nan maƙwabtanmu, ya nemi tutar NRC. A lokacin Shinkafi tana cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka yanke Zamfara. Shi da Adamu Ciroma suka yi kankankan ana jiran zagaye na biyu, a SDP kuma Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi gaba. Janar Babangida ya soke zaɓen baki ɗaya a watan Oktoba, ya kuma haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Jama'a sun sha rana a layi, alƙalami ɗaya ya share. A 2018 kuma APC ta yi 'yar tinƙe ga Buhari shi kaɗai, ta ce ya samu ƙuri'a miliyan 14.8 daga 'yan jam'iyya, alhali a babban zaɓen 2019, da kowa da kowa ya fito, miliyan 15.2 ya samu. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar ko da ƙungiyar adashi ce ya san wannan lissafi yana neman bayani. Idan rajistar jam'iyya tana aljihun mutum ɗaya, to daliget da 'yar tinƙe duk kanwar ja ce.

Me ya sa ke nan 'yan takara suke kashe kuɗi a kan waɗannan alƙaluma? A ganinmu ba don mu ake buga su ba. Makami ne na nuna wa gwamnoni da masu kuɗi da daliget cewa ga dokin da zai kai, kada ku zuba a wanda zai faɗi. Shi ya sa gab da zaɓen fid da gwani sai ka ga ƙungiyoyin da ba a taɓa jin sunansu ba sun fito da sakamako, kowane yana ɗora wanda ya biya shi a sama. Wanda ya ji irin wannan a rediyo, ya saurara ko za a faɗi wanda ya ɗauki nauyin aikin, mutum nawa aka tambaya, da wane harshe, ta waya ko ƙafa da ƙafa, da kuma nawa suka ƙi amsawa. In ba a faɗa ba, talla ce. Akwai masu yin aikin da gaskiya: kamfanin Stears, alal misali, ya faɗa tun kafin zaɓen 2023 cewa idan mutane ba su fito da yawa ba Tinubu ne zai ci, kuma kashi 27 cikin ɗari kawai suka fito.

Abin da ya sa wannan magana ta dame mu ba son lissafi ba ne. Ɗan takara yana gina alkawuransa a kan abin da ya ji masu ba shi tikiti suna so. A watan Disamba na 2021 aka ƙona fasinjoji fiye da 20 cikin mota a hanyar Sabon Birni, wata biyar kacal kafin tarukan Abuja. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Manoma sun biya harajin 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu na gado. Da a ce mutum 8 ɗin nan da suka tafi Abuja da sunanmu sun tashi daga taron gunduma da jama'a suka halarta, aka ɗora masu amana a bainar kowa, da aƙalla akwai wanda za mu tare a kasuwa mu tambaye shi me ya karɓo mana a bakin ɗan takara game da hanyar Isa zuwa Shinkafi.

Wurin da ake ɗaure akuyar ke nan, a taron gunduma, ranar da ake rubuta sunayen 'yan jam'iyya da shugabanninta, lokacin da yawancinmu muke cewa wannan harkar 'yan siyasa ce. Malamai, 'yan kasuwa, ƙungiyoyin mata da na manoma, har da waɗanda ke gudun hijira suna da haƙƙin sanin ranar da wurin, da neman a karanta rajista a fili. Kuma kada wani ya ce yawanmu bai isa a kula da shi ba. A zaɓen 2023 Atiku ya samu 288,679 a Jihar Sakkwato, Tinubu ya samu 285,444. Tsakaninsu ƙuri'a 3,235 ce.