Itacen Da Ke Gonarka, Na Wane Ne?

Kowace damina ƙungiyoyin taimako sukan loda dashen dogon yaro a mota su kai ƙauyuka. A yi taro, a yi addu'a, a raba wa kowa nasa. In an koma da bazara sai a tarar awaki sun cinye wasu, gara da zafin rana sun gama da sauran. Daga nan sai a ce mutanen ƙauye ba su san amfanin itace ba. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, kuma abin da ya faru a ƙasar Maradi ta Jamhuriyar Nijar shi ne hujjarmu.

A farkon shekarun 1980 mishan ɗin SIM yana da aikin raya karkara a Maradi. Wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta fama da dashe, galibi kuwa ba sa rayuwa. A 1983 sai ya lura da abin da kowane manomi yake gani kullum, watau 'yan tsire-tsiren nan da ake sassabewa kafin shuka. Ashe tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi kututture, ya bar toho mai ƙarfi kamar uku zuwa biyar, ya yanke sauran, ya riƙa rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi. Babu sayen iri, babu ban ruwa. Aka sa wa wannan dabara suna sassaben zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, mishan ya raba abinci, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Mutane suka bari, gama ciki ba ya jira. Amma da rabon abinci ya ƙare, yawancin itatuwan nan aka sare su. To, don me? Wani dalili shi ne tsohuwar koyarwa cewa manomin kirki gonarsa fes take, ba ko ɗan sabara. Amma babban dalili yana cikin doka. Tun zamanin mulkin Faransa itatuwa na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. In ka datse reshen gawon da ka raina da hannunka, malamin daji yana iya cin ka tara. In ka bar shi ya girma, wani ya zo da dare ya sare, ba ka da bakin ƙara, tunda ba naka ba ne. Wa zai yi ta wahala a kan abin da zai jawo masa tara?

Nan ne aikin ya wuce maganar wuƙa da gatari. Ma'aikatan mishan suka je wurin hukumar daji ta yankin, suka nemi a bar manomi ya ci moriyar itacen da ya raina. Da aka sassauta, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, maƙwabci yana koya wa maƙwabci, har inda motar mishan ba ta taɓa zuwa ba. Bayan kamar shekara 20 masu bincike suka kimanta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200. An gyara dokar daji a 2004, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka musamman a kan haƙƙin manomi bisa itatuwan da ya raina. Dubi tazarar shekarun, 'yan'uwa. Manoma sun riga doka nisa.

Amfanin kuwa ba sai an faɗa wa mai gona ba. Gawo yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Kalgo da sabara suna tare iska kada rairayi ya binne shuka. Macen da take tafiya rabin yini neman itacen girki, ko ta ƙona kara da kashin shanun da ya kamata su koma gona, yanzu rassan da aka rage sun ishe ta.

Muna ganin ƙungiyar da take so ta taimaki talaka, tilas ta yarda ta shiga maganar mallaka, ko da ba ta da daɗi. Raba kaya yana da sauƙi, kowa zai yaba maka. Zama gaban hakimi ko jami'in gwamnati a kan haƙƙin mai ƙaramin ƙarfi, wannan yakan ɓata wa mutum da manya. Amma mu da muke karanta labarin gonar inabin Nabot a majami'a, bai kamata mu ce maganar gona da mai iko ba ta shafi ikilisiya ba.

A ƙauyukanmu tambayar ba ta ƙare ba. Akwai mai noma gonar aro ko ta jingina, wanda yake tsoron in gonar ta yi kyau mai ita zai karɓe. Akwai gwauruwar da dangin miji suke jiran ta gama girbi. Akwai kuma makiyayi, wanda in ba a sa shi cikin shawara ba, zai sassake rassa don shanunsa, rigima ta tashi. Saboda haka muna roƙon kowane kwamitin raya karkara na ikilisiya, kafin ya nemi dashe bana, ya fara kiran zama da mai unguwa, da liman, da ardo, da shugabar zumuntar mata. A yanke magana a gaban shaidu: wanda ya raina itace a gonar aro, rassa da 'ya'ya nasa ne har shekara nawa, kuma me zai samu ranar da aka karɓi gonar. A rubuta, a ba kowane ɓangare takarda ɗaya ya ajiye.